Fasfon Amurka da harajin da ke bin mai shi duk inda ya je

Duk wanda ya buɗe asusu a banki a 'yan shekarun nan, ko a Kano ko a Accra ko a Landan, mai yiwuwa ya ci karo da wata tambaya a cikin fom: shin kai ɗan Amurka ne, ko an haife ka a can, ko kana da izinin zama na dindindin a ƙasar? Yawancin mutane "a'a" suke zaɓa su wuce, ba su ma tsaya tunanin dalilin tambayar ba. Amma ga wanda amsarsa "eh" ce, wannan ɗan layin shi ne ƙofar da hukumar tara haraji ta Amurka, wato IRS, ke bi ta san abin da ya ajiye a bankin garinsu.

Kusan duk ƙasashen duniya suna karɓar harajin kuɗin shiga ne bisa inda mutum yake zaune. Ɗan Najeriya da ya koma Ingila da zama, can zai riƙa biyan harajin albashinsa, Abuja ba za ta bi shi da lissafi ba. Amurka ta fita daban. A wajenta zama ɗan ƙasa shi ne ma'auni. In dai kana riƙe da matsayin, dokarta ta ɗora maka bayyana abin da ka samu a ko'ina a duniya, ko da rabonka da ƙasar tun kana goye. Eritiriya ce kaɗai ake yawan ambata a matsayin mai irin wannan tsari, ita ma kashi 2 cikin ɗari take nema daga 'yan ƙasarta da ke waje.

Ƙiyasin yawan Amurkawa mazauna ƙetare ya bambanta, daga wajen miliyan 4 zuwa miliyan 9. A cikinsu akwai 'ya'yan 'yan Najeriya da Ghana da sauran ƙasashenmu da iyaye suka je suka haifa a can, ko dai suna karatu ko aiki, ko kuma takanas aka yi tafiyar don jariri ya sami fasfo. Gyara na 14 da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1868 shi ne ya mayar da kusan duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa, ban da irin su 'ya'yan jami'an diflomasiyya. Umarnin da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu a Janairun 2025 don taƙaita wannan dama an tsara shi ne kan waɗanda za a haifa nan gaba, bai shafi waɗanda aka riga aka haifa ba. Yaran da aka dawo da su gida cikin zanin goyo shekara ashirin da suka wuce yanzu sun girma, sun kama aiki, sun buɗe asusu, wasu ma sun gaji dukiya. Da yawansu babu wanda ya taɓa gaya musu cewa fasfon nan da ake alfahari da shi yana da sharaɗi.

Daga ina abin ya samo asali?

Tun lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 aka fara shi. 'Yan majalisa na wancan zamani suna kallon attajiran da suka tare a Turai a matsayin waɗanda suka gudu suka bar 'yan'uwansu da ɗawainiyar yaƙi, don haka suka sa haraji ya bi su. Wani Ba'amurke mazaunin Meziko mai suna Cook ya kai ƙara, yana cewa shi da dukiyarsa duk a Meziko suke, ina ruwan Amurka da su. A 1924 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnati tana amfanar ɗan ƙasa da dukiyarsa a duk inda suke, saboda haka tana da ikon karɓar haraji a kansu. Wannan hukunci shi ne ginshiƙin tsarin har yau.

Sai dai shekaru da dama dokar tana nan ne a takarda kawai. IRS ba ta da hanyar leƙa bankunan wasu ƙasashe, mazauna waje kuwa kowa ya ci gaba da harkarsa. Abin da ya sauya lamarin shi ne badaƙalar bankin UBS na Suwizalan. Wani ma'aikacin bankin, Bradley Birkenfeld, ya tona yadda suke taimaka wa masu kuɗin Amurka ɓoye dukiya, har ya amsa cewa ya taɓa shigar wa wani abokin hulɗa da lu'ulu'u a cikin bututun man goge baki. A 2009 UBS ya biya tarar dala miliyan 780, kuma aka amince a miƙa wa Amurka sunayen masu asusu sama da 4,000. Shi Birkenfeld ya yi zaman kaso, da ya fito kuma IRS ta ba shi ladan dala miliyan 104 na kwarmata bayani.

A 2010 majalisa ta kafa dokar da ake kira FATCA, ta fara aiki a 2014. Dabarar mai sauƙi ce. Kowane banki a duniya ya tantance abokan hulɗarsa, ya ware masu alaƙa da Amurka, ya aika da sunayensu da abin da ke cikin asusunsu. Bankin da ya ƙi, za a zaftare kashi 30 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen da ke zuwa masa daga Amurka. Babu bankin da ke hada-hadar dala da zai iya jure wannan, shi ya sa ƙasashe sama da 100 suka ƙulla yarjejeniya da Washington kan dokar, bankunan sauran ƙasashe kuma suka yi rajista da IRS da kansu. Tambayar nan ta cikin fom daga nan ta fito.

Biyan haraji daban, bayar da rahoto daban

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Galibin Amurkawa mazauna waje, idan aka gama lissafi, ko sisi ba a binsu. Akwai rangwame iri biyu da suke kare su. Na farko, doka ta yafe haraji kan albashi ko ladan aikin da aka yi a waje har zuwa wani adadi da ake ɗagawa duk shekara: dala 126,500 a 2024, dala 130,000 a 2025. Sharaɗin shi ne mutum ya zama mazaunin wata ƙasa na haƙiƙa, ko kuma ya kwana 330 a wajen Amurka cikin wata 12. Na biyu, harajin da ka biya a ƙasar da kake zaune ana cire shi daga abin da Amurka za ta nema. Wanda ke Jamus ko Faransa, inda haraji ya fi na Amurka nauyi, yawanci wannan kaɗai ya ishe shi.

Amma rangwamen ba ya zuwa da kansa. Sai ka cike takardar haraji ta shekara ka nema. Wa'adin shi ne 15 ga Afrilu, mazauna waje kuma an ƙara musu zuwa 15 ga Yuni, kodayake in akwai kuɗin da ake binka, ruwa yana fara hawa tun daga Afrilu. Wanda bai taɓa cikewa ba, babu ranar da lissafin shekarar zai rufe a kansa.

Kuma yafiyar albashi ba ta shafi kuɗin haya ba, ko ribar hannun jari, ko fansho, ko ribar sayar da gida. Tsohon Firaministan Birtaniya Boris Johnson ya ɗanɗana wannan. A New York aka haife shi, ya bar ƙasar yana ɗan shekara biyar. Da ya sayar da gidansa na Landan, Birtaniya ba ta nemi komai ba, domin ba ta karɓar haraji kan ribar gidan da mutum yake zaune a ciki. Amurka kuwa dala 250,000 na farko kawai take yafe wa mutum ɗaya. A 2014, yana magajin garin Landan, ya fito fili ya ce abin ya wuce hankali kuma ba zai biya ba. Bayan 'yan watanni rahotanni suka ce ya biya, a 2016 kuma ya ajiye zama ɗan Amurka.

Mai sana'ar kansa shi ne ya fi shan wuya. Ko da an yafe masa harajin kuɗin shiga, akwai wani kashi 15.3 cikin ɗari na asusun fansho da kula da lafiya na Amurka da ke hawa kansa da zarar ribarsa ta kai dala 400 a shekara. Amurka tana da yarjejeniya da ƙasashe kusan 30, mafi yawa a Turai, da ke ɗauke wannan nauyi. Najeriya ba ta cikinsu, kamar yadda babu yarjejeniyar hana biyan harajin kuɗin shiga sau biyu tsakanin ƙasashen biyu. A ce wata matashiya da aka haifa a Houston tana zaune a Kaduna tana aikin zane ta intanet, ribarta ta kai dala 20,000 a shekara. A dokar Amurka ana binta wajen dala 2,800, bayan abin da za ta biya a gida.

Dala dubu goma

Takardar da ta fi jefa mutane cikin matsala ba ta ma haraji ba ce. Sunanta FBAR, kuma ta samo asali daga dokar sirrin banki ta 1970. Idan jimillar kuɗin da ke cikin dukkan asusunka na wajen Amurka ta haura dala 10,000, ko da na wuni ɗaya ne a shekara, wajibi ne ka sanar da wata hukuma ta ma'aikatar kuɗi da ake kira FinCEN ta intanet. Ba a biyan ko kwabo. Sunan banki, lambar asusu da mafi yawan abin da ya taɓa shiga ciki a shekarar kawai ake so.

A lura da kalmar "jimilla". Asusun naira da na dala da na ajiya duk haɗa su ake yi. A lokacin da dala take wajen naira 1,500, maganar naira miliyan 15 ake yi, kuɗin da zai iya ratsa asusun ɗan kasuwa mai matsakaicin jari cikin mako guda. Shekaru da dama ke nan ba a ɗaga adadin ba, alhali darajar dala dubu goma ta ragu ƙwarai a tsawon wannan lokaci.

Dokar ba ta tsaya kan kuɗinka kaɗai ba. Asusun haɗin gwiwa da miji ko mata yana ciki, ko da abokin zaman ba Ba'amurke ba ne. Asusun da ba naka ba amma kana da ikon sa hannu a cire kuɗi, shi ma yana ciki: na kamfanin mahaifinka, na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, na gidauniyar masallacin unguwa in kai ne ma'aji. Ƙaramin yaro ma bai tsira ba. Idan kaka ta buɗe wa jikanta ɗan Amurka asusu ta zuba abin da ya haura adadin, iyaye ne za su cike a madadinsa.

Tarar rashin cikewa bisa kuskure tana kai wa dala 10,000, ana kuma ƙara ta gwargwadon hauhawar farashi. Wanda aka samu da ƙin bayyanawa da gangan, za a iya cin sa tarar dala 100,000 ko rabin abin da ke cikin asusun, duk wanda ya fi yawa. Labarin Alexandru Bittner ya nuna yadda lissafin ke iya kumbura. Ɗan asalin Romaniya ne da ya zama ɗan Amurka, ya koma ƙasarsa a 1990 ya yi kasuwanci ya yi arziki. Da ya dawo Amurka a 2011 ya ji labarin dokar, sai ya cike takardun a makare. Gwamnati ta ƙirga asusu 272 cikin shekara biyar, ta ɗora dala 10,000 kan kowanne, ta ce ya biya miliyan 2.72. A Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta ce tarar kuskure a kan kowane rahoton shekara take, ba a kan kowane asusu ba. Kuɗin ya dawo dala 50,000.

Akwai kuma wata takardar mai kama da ita, fom mai lamba 8938, da ake haɗawa da takardar haraji. Ga mazaunin waje da ke cikewa shi kaɗai, tana hawa kansa idan kadarorin kuɗinsa sun wuce dala 200,000 a ƙarshen shekara, ko 300,000 a kowane lokaci cikinta. Bayanin kusan ɗaya ne, amma hukumomi biyu ne, kuma cike ɗaya ba ya ɗauke ɗayar.

Batun gado ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne zai fi riskar iyalanmu. Idan uba ɗan Najeriya ya rasu, aka raba gado, kason ɗansa mai fasfon Amurka ya haura dala 100,000, Amurka ba ta karɓar haraji a kan gadon. Amma tana so a sanar da ita ta fom mai lamba 3520, kuma tarar rashin sanarwa tana iya kai wa kashi 25 cikin ɗari na abin da aka gada. Haka kyautar da ta kai wannan adadi. In kuma cikin gadon akwai kaso mai tsoka a kamfanin iyali, wata takardar ce daban, mai tarar dala 10,000.

Bankuna sun fara gudun su

Wani sakamakon da masu dokar ba su yi tanadinsa ba shi ne, bankuna da yawa, musamman a Turai, sun ga cewa riƙe abokin hulɗa Ba'amurke ya fi ribarsa wahala. Wasu suka rufe asusu, wasu suka hana bashin gida ko damar zuba jari. Waɗanda abin ya fi shafa su ne ake wa laƙabi da "Amurkawan tsautsayi", mutanen da haihuwa kawai ta haɗa su da ƙasar. Banki zai ce su kawo lambar shaidar harajin Amurka, su kuwa ba su taɓa mallakarta ba. A Faransa wani mai suna Fabien Lehagre, wanda aka haifa a California aka dawo da shi yana ƙarami, ya kafa ƙungiyarsu a 2017. Majalisar Tarayyar Turai ta zartar da ƙuduri kan kokensu a 2018, a 2023 kuma hukumar kare bayanan jama'a ta Beljiyam ta ce aika bayanansu zuwa Amurka ya saɓa wa dokar Turai, lamarin da ya koma gaban kotu.

Abin da ke ƙara ɓata wa mutane rai shi ne cinikin ɓangare ɗaya ne. Ƙasashe sama da 100, har da Najeriya, sun shiga wani tsarin musayar bayanan asusu na bai ɗaya da ƙungiyar OECD ta tsara. Amurka ba ta shiga ba. Tana karɓar cikakken bayani daga kowa, abin da take mayarwa kuma bai kai ba. A ganina wannan shi ne raunin dokar mafi girma, tare da cewa an saƙa tarun ne don manyan kifaye masu asusu a Zurich, amma malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da ke zaune a ƙasar iyayensu su ne suke kashe ɗaruruwan daloli duk shekara wajen akanta don su nuna ba a binsu komai.

Masu katin zama na dindindin, wato Green Card, su ma su sani cewa dokar ba ta bambanta su da 'yan ƙasa ba. Wanda ya ci cacar biza ya je ya yi shekaru ya dawo gida, ƙarewar wa'adin katin a cikin akwati ba ya sauke masa nauyin haraji. Sai ya miƙa shi a hukumance ta fom I-407.

Hanyar gyara, da hanyar fita

Ga wanda bai sani ba sai yanzu, IRS tana da wani shiri na sassauci da ta faɗaɗa a 2014. Mazaunin waje zai cike takardun haraji na shekara uku da suka wuce, da FBAR na shekara shida, ya rubuta bayanin cewa rashin sani ne ya hana shi, ya biya abin da ake binsa da ruwansa in akwai. Babu tara. Sharaɗin shi ne ya zo da kansa kafin hukumar ta fara bincikensa. Wanda kuma bashin haraji ya taru a kansa ya ƙi biya, wata doka ta 2015 ta ba da damar a hana shi sabon fasfo ko a soke wanda ke hannunsa, idan bashin ya wuce dala 50,000, adadin da shi ma ake ɗagawa duk shekara.

Wasu sukan zaɓi su ajiye matsayin gaba ɗaya. Ana buga sunayensu duk wata uku a jaridar gwamnati, kuma a 2020 sun haura 6,000. Mawaƙiya Tina Turner, wadda ta tare a Suwizalan, ta yi haka a 2013. Eduardo Saverin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, ya riga ta, gabanin a fara sayar da hannun jarin kamfanin. Ba a yin sa ta wasiƙa. Sai mutum ya bayyana da kansa gaban jami'in ofishin jakadanci ya yi rantsuwa, kuma iyaye ba su da ikon yi a madadin ɗansu. Kuɗin aikin ya tashi daga dala 450 zuwa 2,350 a 2014, kafin ma'aikatar harkokin waje ta gabatar da shawarar mayar da shi 450 a 2023. Wanda dukiyarsa ta kai dala miliyan 2, ko ya kasa tabbatar da cewa ya bi dokar haraji shekara biyar a jere, zai iya faɗawa cikin harajin sallama, inda ake lissafi kamar ya sayar da duk abin da ya mallaka ana gobe zai fita.

Ga Bafaranshe ko Bajamushe da ke shiga Amurka ba tare da biza ba, ajiye fasfon ƙaramar asara ce. Ga ɗan Najeriya ko ɗan Ghana da ya san layin neman biza, lissafin ya bambanta ƙwarai, kuma mafi yawa za su gwammace su riƙe shi su ɗauki ɗawainiyar takardun. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

A Washington maganar sauya tsarin tana tasowa lokaci zuwa lokaci. Trump ya yi alƙawarin kawo ƙarshen biyan haraji sau biyu ga mazauna waje a yaƙin neman zaɓen 2024, kuma a Disambar shekarar ɗan majalisa Darin LaHood ya gabatar da ƙudurin da zai ba su damar komawa tsarin haraji bisa wurin zama. Gabatar da ƙuduri dai daban, zama doka daban.

Kafin nan, abin da masana harkar suka fi jan kunne a kai shi ne amsar da ake bai wa banki. Wanda ya san an haife shi a Amurka ya zaɓi "a'a" a fom don gudun wahala, ya mayar da kansa daga sahun masu kuskure zuwa sahun masu ɓoyewa da gangan, inda tarar take rabin asusu, kuma shirin sassaucin nan ba zai karɓe shi ba. Ga shi kuma fasfon Najeriya da ya miƙa wa bankin a matsayin shaida yana ɗauke da wurin haihuwarsa ƙarara a shafin hoto.